Shekara Goma Sha Uku Muna Jan Ƙafa Kan Gidan Baba

Mahaifinmu ya rasu a daminar 2011 a gidansa da ke Tudun Wada, cikin garin Kaduna, ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, maza biyar da mata huɗu. Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha jama'a sun fara watsewa, limamin unguwarmu ya tsayar da mu maza a zaure, ya ce mana cikin taushin murya mu gaggauta raba gado tun zukata suna da laushi, domin dukiyar mamaci ta zama ta magada tun daga lokacin da ransa ya fita. Babban yayanmu ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ƙasar kabarin Baba ko bushewa ba ta yi ba, ina mu ina maganar gado?" Dukkanmu muka gyaɗa kai, ni har daɗi nake ji a raina cewa mu 'ya'yan tarbiyya ne, ba irin waɗanda ake jin labarinsu suna cacar baki kan dukiya tun ba a naɗe tabarmin makoki ba. Wannan kunyar da muka ji a zauren ita ce ta kai mu gaban alƙali bayan shekara goma sha uku.

Baba ya zo Kaduna ne daga wani ƙauye na ƙasar Zazzau a shekarun 1960, lokacin da masaƙun Kakuri suke tashe, suna aiki dare da rana da dubban ma'aikata. Da keke yake tsallaka gadar kogin Kaduna kullum zuwa wurin aiki, kuma da albashin masaƙa ya sayi filin, ya fara da ɗaki biyu na ƙasa, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan har gidan ya zama na bulo, da zaure, da rijiya a tsakar gida, da bishiyar mangwaro da ya dasa da hannunsa, da shaguna biyu masu kallon titi. Yana da wani fili a tsallaken kogi, amma bayan rikicin shekarar 2000, da mutanen gari suka riƙa ƙaura kowa yana komawa inda nasa suka fi yawa, ya sayar da shi a wulaƙance. Saboda haka gidan nan shi ne kusan duk abin da ya bari, ban da 'yan tufafinsa da littattafansa da tsohon keken da ya daɗe da daina hawa.

Lissafin rabon kansa bai taɓa zama abin jayayya a tsakaninmu ba, tunda Alƙur'ani ya riga ya yanke shi a aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i, kuma Baba bai bar bashi ko wasiyya ba, iyayensa kuma sun riga shi rasuwa. Idan aka kasa gidan kashi 16, matan biyu suna da tumunin takaba, wato kashi 2, kowacce ɗaya. Mu maza biyar kowa kashi 2. Mata huɗu kuma kowacce kashi ɗaya. Yaron da ya gama firamare zai iya wannan lissafi a bayan kwalin ashana. Abin da ya gagare mu shi ne buɗe baki mu faɗe shi a gaban juna.

Da iyayenmu mata suka fita takaba, uwargidan Baba, wadda muke kira Inna, ta koma hannun babban yayanmu a Unguwar Dosa. Mahaifiyata, Umma, ta ce ita ba inda za ta je, a ɗakin da aka kawo ta amarya a nan za a ɗauki gawarta. Ni ne babba a ɗakinmu, ina da mata da 'ya'ya, kuma a lokacin na bar koyarwa na fara sana'ar kayan gini, sai aka ga ya dace in zauna da ita. Babu wanda ya ce in riƙa karɓar kuɗin hayar shagunan da ɗakuna ukun da aka zuba 'yan haya, babu kuma wanda ya ce kada in karɓa. Haka na ci gaba da karɓa shekara da shekaru, ina ciyar da Umma, ina gyara abin da ya lalace. Na sauya kwanon rufi gaba ɗaya, na haƙa rijiyar burtsatse da tsohuwar rijiyar ta fara ƙafewa da rani, na sake ginin katangar baya da ruwan sama ya kayar. Ban taɓa rubuta ko sisi ba, na abin da ya shigo ko na abin da ya fita, domin a ganina wanda yake yi wa gidan ubansa hidima ba ya bukatar littafi. A hankali, ba tare da na lura ba, bakina ya daina cewa "gidan Baba" ya koma cewa "gidana".

A shekarar 2021 na tara 'yan'uwana a wannan zauren dai, na ce ina son in sayi gidan in fitar wa kowa haƙƙinsa, don kada wata rana a sayar wa bare a tashi Umma. Kowa ya yaba, har Yaya ya sa mini albarka. Muka kira dillalan gidaje biyu na unguwa suka zagaya, suka yi wa gidan kuɗi naira miliyan 16, wanda ya sa kowane kashi ya tashi a miliyan ɗaya cif. Na ce ba ni da kuɗin a dunƙule, Yaya ya ce, "Ai kai namu ne, ka riƙa biya duk lokacin da Allah Ya hore." Aka shafa fatiha aka tashi, babu takarda, babu wa'adi, babu shaida daga waje, kuma daga cikin 'yan'uwanmu mata huɗu biyu ne kawai suka halarta, su ma daga bakin ƙofar tsakar gida suke saurare. A watan da ya biyo baya na tura wa Yaya miliyan 2 nasa, na ba Inna miliyan ɗaya nata. Yau idan na tambayi kaina dalilin da ya sa na fara da su, amsar ba ta yi mini daɗi: su ne waɗanda nake jin nauyin bakinsu. Matan da na san ba za su taɓa ɗaga mini murya ba, su na bari a ƙarshen layi.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa a jere. A 2022 ƙanena, wanda muke ɗaki ɗaya, ya rasu bayan gajeriyar jinya, ya bar mata da yara uku ƙanana, sai kasonsa na gidan ya zama wani gadon a cikin gado, Umma tana da sudusi, wato ɗaya bisa shida, matarsa tana da tumuni, saura na marayu. Magada goma sha ɗaya suka koma goma sha huɗu. A farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira, kasuwa ta tsaya cik. A ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin man fetur. Kafin farkon 2024 dala ta haura naira 1,500, buhun siminti kuma, wanda nake sayarwa ƙasa da naira dubu uku a 2020, ya kai dubu goma. Ni da nake cikin harkar gini na fi kowa sanin abin da wannan yake nufi ga farashin gidaje, balle ma ayyukan sabunta birni da gwamnatin jiha ta fara a 2019 sun riga sun ɗaga darajar duk gidan da yake bakin titi mai kyau. Duk da haka na riƙe a raina cewa ciniki ya riga ya faɗa tun 2021, miliyan ɗaya ce kowane kashi, ko da sai bayan shekara goma zan biya.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi wani ɗan kasuwa ya yi sallama a ƙofar gida da awo a hannunsa, ya ce ya zo duba shagunan da zai karɓa. Ashe ɗaya daga cikin 'yan ɗakin Inna, da bashi ya yi masa katutu kuma ya gaji da jirana, ya sayar masa da kasonsa naira miliyan 5, har sun yi takarda da shaidu. Abin da na faɗa a zauren WhatsApp na gidanmu a daren nan ba zan maimaita shi a nan ba, amma na kira ɗan'uwana maci amana, na kuma tono maganar 'yan'ubanci da ban taɓa sanin tana cikin cikina ba. Kafin asuba 'yan ɗakin Inna duk sun fice daga zauren. Gidan da Baba ya yi shekara arba'in yana haɗa kan ɗakuna biyu, har ba a iya bambance ɗan wannan da ɗan waccan a wajen cin tuwo, ya tsage biyu a dare ɗaya.

Dabarar da ta zo mini ita ce in rubuta takarda a kan tsohon farashi, in bi matan ɗaya bayan ɗaya su sa hannu, don in samu rinjaye kafin magana ta yi nisa. Na fara da babbar yayarmu mace, 'yar Inna, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar a gidan haya a Rigasa. Rabona da gidanta tun zaman makokin mijin nata. Na tarar da ita a ɗaki ɗaya, an jera robobi uku a ƙasa saboda yoyon daren jiya, tana ƙulla gyaɗa a leda wadda yaranta suke kaiwa talla bakin tashar jirgin ƙasa. Ta shimfiɗa mini tabarmar sallarta saboda ita kaɗai ce busasshiya, ta aiki yaro ya sayo mini ruwan leda. Da na gama bayanina na miƙa mata takardar da biro, ta riƙe ta ɗan lokaci ba ta duba ba, sannan ta ce, "Ɗan Umma, zan sa maka hannu idan haka kake so, ba zan yi shari'a da kai kan gidan Baba ba. Amma ina son in tambaye ka abu ɗaya: shekara goma sha uku kana karɓar hayar shagunan nan, ashe babu ko kuɗin sabulu nawa a ciki? Miliyan ɗayar nan da ka ba ni ita lokacin da ka ba Yaya tasa, da na sayi fili a bayan unguwar nan na kafa ko ɗaki ɗaya ne. Yau ko rabin fili ba za ta saya ba." Ba ta ɗaga murya ba, hannunta ma bai daina ƙulla gyaɗar ba. Na karɓi takardata na ninke na sa a aljihu, na yi mata sallama, ban iya shan ruwan ba.

Ko da na dawo gida ban sauka daga kan bakana ba gaba ɗaya, don girman kai ba ya fita a yini ɗaya. Ni da kaina na kai ƙara kotun shari'ar Musulunci, ina neman a rushe cinikin da aka yi da ɗan kasuwar, a kuma tabbatar da nawa na 2021. Alƙalin dattijo ne mai haƙuri. Tambayarsa ta farko ita ce ina takarda, na ce babu. Ina wa'adin biya, na ce an ce duk lokacin da na samu. Shin duk magada sun halarta sun furta yardarsu, na yi shiru. Ya ce tunda mu 'yan'uwan juna ne, kuma akwai haƙƙin marayu a ciki wanda ba wanda yake da ikon yin rangwame a kansa, zai ba mu dama mu je mu yi sulhu a gaban malamin da muka amince da shi, mu dawo masa da abin da muka cimma a rubuce.

Malamin da muka zaɓa tsohon abokin Baba ne da ya shafe shekaru yana karantar da fiƙihu a zaurensa. Zama uku muka yi a gabansa, kuma a zaman farko ya warware mini abin da nake taƙama da shi. Ya ce cinikin da aka jingina biyansa ga ranar da ba wanda ya sani malamai ba su yarda da shi ba, kuma shirun mace a bakin ƙofa ba ya zama sayar da haƙƙinta. Sai dai ya ce ina da wata dama da ake kira shuf'a: a mazhabar Malikiyya, idan mutane sun yi tarayya a gida ko fili da ba a raba ba, ɗayansu ya sayar wa bare da kasonsa, abokan tarayyar suna da ikon karɓe wannan kaso daga hannun mai sayen, matuƙar wanda yake gari kuma ya sani bai yi shiru har shekara ta wuce ba. Na ji sanyi a raina, na ɗauka na yi nasara. Sai ya ƙara da cewa mai karɓa da shuf'a yana biyan daidai abin da baren ya biya ne, ba ragi. Wato idan ina son in fitar da ɗan kasuwar daga gidan Baba, sai na ajiye masa miliyan 5 ɗinsa, kuma da zarar na yi haka na amsa da hannuna cewa kashi ɗaya ya kai miliyan biyu da rabi, gidan kuma miliyan 40. Ya kuma tunatar da mu duka cewa abin da ba ya rabuwa sai da ɓarna, idan ɗaya daga masu shi ya nemi a sayar, ana tilasta wa sauran, don haka in ban saya da farashin yau ba, kasuwa za ta saya.

A zama na biyu aka zo kan kuɗin haya, inda na shiga da ƙarfin gwiwa ina lissafa kwano da burtsatse da katanga. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Telan da yake haya a shago ɗaya tun zamanin Baba ya zo da wani tsohon gwangwanin biskit, ya buɗe a gaban Malam, sai ga rasit ɗin kowace shekara da na rubuta masa da hannuna, an ɗaure su da kyauro, na farkon har sun yi ja. Da aka ɗora lissafin sauran hayar a kan nasa, aka cire duk abin da na iya tunawa na kashe, har da wanda ba ni da shaidarsa 'yan'uwana suka yarda da shi a kan amana, sai ga ragowa mai kauri ta tsaya a wuyana. Wannan kuwa ba a sa hayar ɗakunan da ni da iyalina muka zauna a ciki kyauta tsawon shekarun ba, wadda Malam ya roƙi a yafe mini, aka yafe. A daren nan matata ta faɗa mini maganar da ta ƙarasa karya ni. Ina da fili a wajen gari da na saya tun 2014, wanda nake shirin sayarwa don in haɗa kuɗin. Ta ce, "Malam, filin nan naka da farashin 2021 za ka sayar, ko da na yau?"

A zama na uku aka rubuta komai. Umma ta ce kasonta, har da sudusin da ta gada daga ƙanena, ya zauna a cikin gidan da sunanta. Sauran duka zan biya su a kan sabon farashi cikin wata shida, abin da ya haura naira miliyan 24, ban da ragowar kuɗin haya da za a raba gwargwadon kason kowa, kuma da bakina na roƙi a fara da mata da marayu. Kowa ya sa hannu, matan ma kowacce ta furta yardarta a gaban shaidu biyu da ba 'yan gidanmu ba, alƙali ya tabbatar da sulhun. Na sayar da filin da motata, matata ta kawo sarƙarta ta gwal ba tare da na tambaya ba, wani abokin kasuwancina ya ranta mini saura ba ruwa. Kuɗin marayun aka saya musu ɗan ƙaramin gida da shi, aka rubuta da sunayensu. Da takardun kotun na je KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a jihar Kaduna, na fara neman a sauya sunan da ke kan takardar mallakar gidan, wadda har lokacin sunan Baba take ɗauke da shi. Yayata ta Rigasa ta sayi rabin fili ta fara gini; duk bulon da aka sa a ɗakinta na farko daga wajena ya fito, ban kuma ɗauke shi kyauta ba a raina.

Abin da ban hango ba shi ne inda sabon rauni zai ɓullo. Malam ya ce cinikin Yaya da na Inna ya riga ya kammala tun 2021, tunda sun karɓi kuɗinsu cikakke hannu da hannu. Inna ta ce ita ta yafe duniya da lahira. Yaya kuwa, wanda na fifita na fara biya don girmamawa, ya wayi gari da miliyan 2 alhali ƙannensa maza kowa ya tashi da miliyan 5. An yi masa bayanin cewa miliyan 2 ta wancan lokacin ba ta yau ba ce, ya ce ya ji. Na je har gida da wani abu a ambulan, na durƙusa na ce, "Yaya, ga wannan a sa albarka," ya tura mini abina da bayan hannu ya ce shi ba almajiri ba ne. Tun daga ranar ba ya ɗaga wayata, idan mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure sai dai musabaha da fatar baki.

Bayan sallar layya da ta wuce na aurar da 'yata ta fari. A al'adarmu uba ba ya ba da auren 'yarsa da kansa alhali yayansa yana raye, don haka na aika masa da goro da alewa ta hannun Inna, ban sa rai sosai ba. Ranar ɗaurin auren, ana saura 'yan mintoci, sai ga shi ya sauko daga Keke Napep cikin farar babbar riga, ya ratsa jama'a ya zauna kusa da liman. Shi ya karɓi sadaki ya ƙirga, shi ya ce ya bayar, muryarsa tana rawa kamar ta Baba. Da aka watse na riƙe hannunsa na ce ya shiga ciki ya gaisa da Umma ya ci abinci. Ya tsaya a bakin zauren, ya leƙa tsakar gida, ya daɗe yana kallon mangwaron, sannan ya ce reshen da ya hau kan kwanon ɗakin Umma yana son sara kafin iskar damina ta kayar da shi. Na ce to, Yaya, za a sare. Ya saki hannuna ya ce a gaishe ta, ya juya ya tari abin hawa.